Damina Biyar ta Zuwaira

Ranar da masu awon yara suka zo Tajaye, ni na ɗauki ɗiyata Zuwaira, don uwarta Kaltume na da tsohon ciki. An ɗora ta a sikeli, an auna damtsenta da wani zare mai launi. Mai rubutu ya tambayi shekarunta, na ce biyar. Mu da damina muke lissafi, kuma wannan ce ta biyar da ta gani.

Da kayan taimakon suka iso, aka yi ta kiran sunaye ana ba yara abincin gujiya na leda. Yaran da suka fi ta ƙiba ma sun samu. Ba a kira Zuwaira ba.

Na sami mai kula da sunayen a buro, wato ofishinsu, wani saurayi mai suna Muttaƙa, gaban kwamfuta.

"Ɗana, mi ɗiyata ta yi muku?"

"Baba, ba ni ke zaɓe ba. Ƙa'ida ɗaya na rubuta, na'ura ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta dubi shekaru da nauyi da damtse, ta zuba sakamako a wannan jadawali. Wanda ya cika biyar, tsallake shi take yi."

"Ba ta ga wuyanta ba?"

"Ba ta da ido, Baba. Yaushe aka haife ta?"

"Ƙarshen damina, ana yankan gero."

Ya ƙirga da yatsu, ya dafe kai. "Kun lissafa daminar da aka haife ta ciki! Ko huɗu ba ta cika ba."

Ya gyara, ya danna. Layuka suka sake jeruwa. Na matso, ko da yake karatuna na boko bai wuce aji huɗu na lakwal ba. Sunanta dai na sani. Ya fito can sama, cikin ja.

"Alhamdu lillahi," na ce. "Leda nawa za a ba ta?"

Muttaƙa bai dube ni ba.

"Ja ba na leda ba ne. Kwanciya ce a asibitin Illela, yau. Tun ranar awo ya kamata a kai ta."

Mako uku ke nan da awon. Gonata na jiran noman farko, Kaltume ba ta iya hawa babur. Na goya Zuwaira da rawanina, na fita bakin hanya. Ban ji nauyinta ba ko kaɗan.