Mayafin Inna

Abu ɗaya nake tunawa game da Inna: mayafinta shuɗi. Ina ƙarama ta rasu, fuskarta ta ɓace mini, amma shuɗin nan ya zauna. Babu hotonta a gidanmu na Talata Mafara.

Sai ga Gwaggo Taibatu, ƙanwar babanmu, ta zo daga Maradun da wani faifan CD naɗe cikin tsumma. Ta ce hotunan bikinta ne, ta tsince shi a ƙasan akwati, kuma tana kyautata zaton Inna na ciki. Ba za ta bar mini shi ba, kafin la'asar za ta kama hanya, don ba a son yamma a hanyar nan.

Muka tafi shagon Yaya Safa, mai buga takardu kusa da tasha. Ban taɓa shiga ba, ko wucewa zan yi kaina a ƙasa yake. Gwaggo ta yi gaisuwarta, an tambayi gida da yara da gajiya da ruwan bana, ni ina raɓe a bakin ƙofa.

Yaya Safa ta sa faifan a kwamfutarta. Hotuna suka fito, duk sun yi rawaya kamar an tsoma su a ruwan ɗorawa. Gwaggo ta dangwala yatsa a allon.

"Ga ta nan! Ga uwarki, Hanifa."

Na matso. Mace ce siririya tana dariya. Mayafinta baƙi.

"Ba shuɗi ba ne?" na tambaya.

"Wa ya sani, ɗiyata? Ni amarya nike ranar, kaina a rufe. Ko ango ban gani ba, balle mayafi."

Yaya Safa ta yi dariya, ta ce tsohon faifai ne, ƙila launin ya lalace. Injin bugawarta kuma baƙi da fari kawai yake yi. Gwaggo ta fara gyara gyalenta.

In baƙi ne, to ni ban tuna komai na Inna ba ke nan. Na rasa inda na samo ƙarfin hali, na ce, "Yaya Safa, don Allah, rigar ango fara ce?"

"Fara tas," in ji Gwaggo. "Ni na wanke ta bayan biki."

A allon rawaya ce. Yaya Safa ta buɗe shafin da take rubutu. Shi ma rawaya.

"Kin gani, tun satin jiya haka yake," ta ce. "Rubutu kawai nake yi, sai na saba. To ba faifan ba ne."

Ta danna maɓallan da ke ƙasan allon, haske ya ƙaru, ya ragu, rawayan bai tafi ba. Ta kashe ta kunna. Haka dai. Gwaggo ta leƙa waje ta duba rana.

"Hanifa, mota ba ta jiran mayafi."

"Gwaggo, kaɗan."

Yaya Safa ta ja teburin don ta duba baya. Allon ya yi wal, fari ya fito, ya koma. Duka muka gani.

"Igiyar ce!" ta ce. "Ke siririya ce, shiga nan bayan."

Na kutsa tsakanin tebur da bango. Igiyar da ta haɗa allon da kwamfuta tana da kai mai kusoshi biyu. Ta ce in murɗe su in ciro. A cikin kan akwai 'yan ƙarafa kamar allurai, babu wanda ya lanƙwashe. Na hure ƙura, na mayar, na ɗaure sosai. Rawaya. Sai na bi igiyar da yatsa har na iso inda ƙafar tebur ta daɗe tana danne ta, wurin ya baje. Na lanƙwasa shi a hankali.

"Tsaya! Kar ki motsa!" Yaya Safa ta ɗaga murya. Gwaggo ta yi salati.

"Mene ne? Wane launi?" Ina bayan allon, bango kawai nake gani. Na saki don in leƙo, kafin in zagayo ya koma rawaya.

"Ba zan gaya miki ba," in ji Yaya Safa. "Da idonki za ki gani."

Ta tattare zanenta ta matsa cikin lungun, tana mita wai wurin ba na masu jiki ba ne. Ta lanƙwasa nan, babu. Ta lanƙwasa can, allon ya yi ja. Na ce ta ɗan sauko ƙasa, inda ya baje.

Rigar ango ta yi fari. Mayafin Inna shuɗi, irin na rinin baba, da zare fari a bakinsa. Zaren ma ban tuna da shi ba.

"Kin gani? Hannuna ya fara sagewa."

"Kaɗan, Yaya."

Yanzu fuskar nake kallo. Tana da wushirya, irin tawa.

Da ta fito, Yaya Safa ta kwafe hoton ta ajiye a kwamfutar, ta ce gobe za ta sayo sabuwar igiya, in dawo mu kai a wanke mini shi mai launi. Na naɗe faifan cikin tsummansa, na ɗauki jakar Gwaggo muka nufi tasha.