Allura Huɗu a Jikin Maraƙa

Maraƙar tana da sati uku bijimin huɗa ya taka mata ƙafa. Ita ce mace ta farko da saniyar Kalilu ta haifa cikin shekara shida, saniyar kuma ta tsufa. In wannan ta tafi, iri ya yanke a gidan.

Kalilu ya hau babur daga ƙauyensu na wajen Baure har Daura, shagon Azubuike mai maganin dabbobi.

"Sau ɗaya za ka yi mata, Malam Kalilu," in ji Azubuike, yana miƙa masa kwalbar maganin zogi. "Ka bar ta ta sha nono ta ƙoshi."

"Oga, tun kafin ka iya Hausa nake tsira wa shanu allura."

Ya yi mata ta farko, kafin la'asar ta miƙe har da tsalle. Washegari ɗingishi ya dawo, sai ya ƙara, yadda ya saba yi wa bijimansa kowace safiya in sun ji ciwo. Laraba matarsa kuwa ta ci gaba da tatsa kamar kullum, a bar wa maraƙa ɗan abin da ya rage, a mai da ta turke.

Ran kwana huɗu ya tarar ƙasan turken a bushe, ba alamar fitsari. Maraƙar tana kwance, ido ya faɗa, kashinta baƙi. Ya kira Nu'uman, malamin dabbobi.

Nu'uman ya ja fatar wuyanta, ta tsaya a tattare.

"Nawa ka yi mata, Baba?"

"Huɗu. Kaɗan-kaɗan."

"Bijimi kafin gari ya waye ya fitsarar da nasa. Wannan hantarta da ƙodarta ba su yi ƙwari ba. Na shekaranjiya yana cikin jininta ka ɗora na jiya, ga shi ba ruwa a jikinta da zai wanke. Ƙodar ta tsaya."

"Babu wata allurar?"

Nu'uman ya girgiza kai.

Kalilu ya ce da Laraba ta miƙo wuƙa, kada ta zama mushe.

"Ka yanka ka hutar da ita," in ji Nu'uman. "Amma kada kowa ya ci. Maganin yana cikin naman."

Kalilu ya yi bisimilla ya yanka. Sannan ya ɗauki fartanya, ya ja maraƙar zuwa bayan danga don ya binne ta, saniyar tana fizgar igiya tana kuka.