Gadar da Ta Raba Ngone da Magat

Kafin a kawo sabon jirgin ƙasa, abin da ke tsakanin gidan Ngone Fall da na Magat Niang tsohon layin dogo ne kawai, wanda awaki ke kwanciya a kai. Ngone kan tsallaka da kwanon shinkafa da kifi, ta isa bai huce ba. Tun suna amare suke tare, ga shi dangin Fall da na Niang abokan wasa ne, saboda haka gaisuwarsu ma tsiya ce: wannan ta ce baiwata, waccan ta ce acici. Cikin irin wannan raha suka ƙulla alkawarin da ba na wasa ba, cewa duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wankan gawa.

Sai aka gina tasha, aka ja katanga hagu da dama, aka ɗora gadar ƙafa mai matakala kamar ba za ta ƙare ba. Filin shanyar kifi ya koma benaye, cike da ma'aikatan Dakar masu fita da asuba, waɗanda ko sunan maƙwabcinsu ba su sani ba. Ngone ta je gindin gadar sau ɗaya, ta ɗaga kai, ta shafa gwiwoyinta, ta juya gida. Zumunci ya koma waya. Duk wanda ya tambaye ta Magat sai ta tsine wa katanga, mutane kuma su ba ta gaskiya. Har Magat ta kwanta ciwo ana nan a haka.

Wata Talata da hantsi Kodu, 'yar Magat, ta kira tana kuka. Ta ce an yi rashin Magat, za a yi jana'iza bayan azahar, matan unguwa sun ɗora ruwa. Ngone ta ce kada kowa ya taɓa gawar. Ɗanta ya ce zai nemo tasi, amma kowa ya san zagayen mota da cunkoson kasuwa sai ya kai su la'asar. Ta ɗauki mayafi ta fita.

Ta tarar jirgi ya sauke fasinjoji, suna gangarowa suna kauce mata. Ta kama ƙarfen gadar, rana ta gasa shi, ta riƙe a haka. Ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar. Ta zauna a kan matakala ta huta, ta tashi, ta sake zama. Gwiwoyin sun yi ciwo, amma ba su ƙi ba. Da ta kai sama ta hango rufin gidanta, ta hango darbejiyar ƙofar Magat, kusa da kusa yadda suke tun asali.

Kodu ta tare ta a ƙofa. "Inna Ngone, wa ya kawo ki?"

"Ƙafata."

Kodu ta nuna mata wata kujerar roba a gindin darbejiyar, wadda ke fuskantar gada. Ta ce tun da ciwo ya hana tsohuwar fita, kullum da yamma sai ta sa a zaunar da ita a nan, tana cewa acicin nan ko don ƙanshin miya wata rana za ta hauro.

Kunya ta kama Ngone, irin wadda ba ta taɓa ji ba, kuma babu katangar da za ta ɗora wa laifi. Ta shiga ɗakin, matan suka matsa mata. Ta taɓa ruwan ta ce a ƙara na zafi, Magat ba ta son sanyi. Ta yi wankan a natse, dama kafin hagu, ta warware mata kitso ta taje. Da aka miƙo likkafani sai ta sunkuya daidai kunnenta.

"Baiwata," ta ce, "ashe gadar tana hawuwa."