Ƙasar da Amarya Ta Taka

Shanu duka sun fita cin karan masara da safe, ban da Belu. Nosisa ta tsaya a bayan katangar dutsen da ta kewaye shingen, da bokiti a hannu, ta yi ɗage ta leƙa. Sai ta hango ta kwance a kusurwar gabas, inda iska ba ta kaiwa, wuya a miƙe, tururi na fita ta hancinta. Ƙafar maraƙi ɗaya ce tal ta leƙo ta bayanta. Ɗaya! Nosisa ta dire bokitin ba ta ma san ta dire ba.

Belu ba ta gidan nan ba ce, ta Nosisa ce. Ita ce saniyar da mahaifinta ya haɗo ta da ita ranar da aka kawo ta gidan miji, wadda ake cirar gashin wutsiyarta a tufka wa mace da 'ya'yanta abin wuya in jiki ya ƙi daɗi. Mahaifin ya rasu, dangi sun rabe shanunsa, gidan ma ya zama kango. Belu kaɗai ta rage mata, ga shi duk haihuwar da ta yi maza take zubawa, ba ta bar magajiya ba.

Shingen kuwa na surukinta ne, tsoho Velile, shi da kakanninsa. A al'adarsu, matar da aure ya kawo ba ta taka cikinsa. 'Yar gida ta shiga ta fita yadda ta ga dama, amma matar ɗa ko inuwar ƙofar sai ta zagaye, kuma Nosisa ba ta taɓa jin nauyin hakan ba sai yau.

Ta kwasa a guje zuwa kan gangara, inda mijinta Zukile yake ajiye tarakta. Tun shigowar sanyi mutumin nan ya koma zama a ƙarƙashin wannan ƙarfen. Yau bel, gobe batir, jibi wani ƙusa da ya faɗa ciyawa. A kan gangara yake ajiye ta don sai an tura take tashi, ga shi yanzu ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin injin yana gasa mata ciki, wai mai ya daskare.

"Baban Anele! Fito daga ƙarƙashin wannan gawar, Belu na naƙuda, ƙafa ɗaya ce ta fito!"

"Gawa? Wannan da za ta yi mana huɗa bana?"

"Ka fito na ce!"

Ya ga fuskarta, ya bar wasa. Ya wanke baƙin mai da ruwan zafi, ya shiga shingen ya durƙusa a bayan saniyar, ita kuma ta kama katanga ta waje tana ba shi umarni. A gidan ubanta babu ɗa namiji, can kuma ita 'yar gida ce, don haka tun tana yarinya siririn hannunta ake nema in maraƙi ya zo a karkace. Hannun Zukile fa? Kamar shebur. Ya tura, ya yi nishi, saniya ta yi ƙara.

"A hankali, ba injin ba ne! Ka taɓo kan maraƙin?"

"Babu kai."

"Kamar yaya babu kai? An taɓa maraƙi ba kai? Ya juya baya ne, bi wuyan."

"Hannuna ba ya wucewa, Maman Anele. Na rantse ba ya wucewa." Ya zaro hannun ya ce, "Ko in ɗaura igiya a ƙafar, in ja da tarakta?"

"In ka kuskura! Ka yage min ita biyu ke nan!"

Suka kira likitan dabbobi a waya. Ya ce dusar ƙanƙara ta rufe hanyar kan dutse tun jiya, ko motar gwamnati ba ta hawa, sai dai gobe in rana ta yi kirki. Gobe! Zukile ya murɗa wutsiyar Belu, ya yi mata ihu a kunne ko za ta miƙe a fito da ita waje. Ta yunƙura sau ɗaya, ƙafafun baya suka ƙi, ta koma ta zube.

Nosisa ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ta zagaya katangar ta dawo. Ta je ɗaki ta ɗora ruwa a wuta, ta fito, ta koma ta ga ashe ta riga ta ɗora wani. Ta ɗauko sabulu da buhu da igiya ta jera su a kan katanga, ta sake jera su. Hannayenta har ƙaiƙayi suke yi, sun san abin yi, ga saniyar nan in ta miƙa sanda za ta taɓa ta, amma a banza.

Ana cikin haka tsoho Velile ya fito, lulluɓe da bargo, yana dogara sanda. A zamaninsa babu maraƙin da ya gagare shi, amma sanyin ƙashi ya nannaɗe masa yatsu, ko maɓallin riga sai an saka masa. Ya shiga ya zauna a kan kwamin gishirin lasa da aka kife, ya dubi saniyar.

"Ka ga ja'ira," ya ce. "Duk faɗin shingen nan ba ta ga wurin kwanciya ba sai makwancina."

Kowa a gidan ya san zancen. A wannan kusurwa mahaifinsa yake kwance, ƙarƙashin wani faffaɗan dutse, kuma tsohon ya sha faɗa cewa gefen dutsen nasa ne. Wai nan rana take fara sauka, shi kuma ya gaji da jin sanyi.

Babu wanda ya yi dariya. Belu ta sake yunƙuri, amma yunƙurin ya fi na ɗazu rauni, harshenta a waje. Nosisa ta ga haka, sai ga ta a bakin ƙofar shinge, wurin da ba ta taɓa tsayawa ba. Ta durƙusa a kan ƙanƙara.

"Baba, a ba ni izini."

"Izinin ba nawa ba ne, amarya." Har yau amarya yake ce mata, ko da ɗanta Anele ya isa makaranta. "Na masu wurin ne, kakanninmu."

"To su masu wurin, mushe suke so a shingensu?"

Kai! Maganar ta riga ta fita. Zukile ya zaro ido, ita kanta ta toshe baki da gefen mayafi. Tsoro ya kama ta, da kunya, amma haushin bai sauka ba, kuma ba ta ce a yi haƙuri ba.

Tsohon ya kalle ta. Ya kalli saniya, ya kalli dutsen mahaifinsa, ya kalli katanga. Sannan ya juya ga ɗansa.

"Kai, wannan tarkacen naka zai tashi yau, ko sai baɗi?"

"Zai tashi, Baba. Amma Maman Anele ta ce in aka ja..."

"Wa ya ce maka saniya za ka ja? Je ka taso shi, ka zo da sarƙa."

Nosisa ce ta tura. Ta sa kafaɗa a bayan taraktar, takalmanta na zamewa, tana tsine wa wanda ya ƙera ta da wanda ya sayar musu. Taraktar ta gangara, ta yi tari, ta yi shiru, ta ci gaba da gangarawa. Saura kaɗan gangarar ta ƙare, Zukile ya sake ɗage ƙafa daga kan kuloci, sai injin ya yi wani gurnani ya tofar da baƙin hayaƙi. Zukile ya ɗaga hannu sama kamar ya ci zaɓe.

Da suka dawo sun tarar tsohon ya cire hula, yana tsaye a gaban ginshiƙin da ake rataye ƙahonni a tsakiyar shinge, yana magana da magabatansa. Ba ya ɗaga murya, amma hannunsa na motsi irin na mai ciniki. Da ya gama sai ya zo ya dasa sandarsa a jikin katanga ta wannan gefe, ya ja layi a kan daskararren kashin shanu, ya zagaye Belu ta ciki, har ya kai katanga ta wancan gefe.

"Daga yau shingen gidan nan a nan ya tsaya," ya ce. "Zukile, kwaso kwanon rufin can da tsohuwar ƙofa, ka kafa a kan layin."

"Baba..."

"Ka zama kurma ne?"

Zukile ya kafa su, ya tokare da duwatsu. Sannan ya zura ƙarfe ta wata kafa a tsohuwar katanga, ya ɗaura sarƙa ta waje, ya hau tarakta ya ja a hankali. Katangar da kakansa ya jera da hannu ta yi ciki, ta tsaya kamar tana shawara, sannan ta zubo waje gaba ɗaya. Kaji suka watse. Ga Belu kwance a fili, babu komai tsakaninta da Nosisa sai tarin duwatsu.

"To amarya," in ji tsohon daga bayan kwanon rufi, "ga saniyarki can a waje. Ban san me kike jira ba."

Ta haye duwatsun. Matar ɗa ba ta buɗe kafaɗa a gaban suruki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta yar da mayafi, ta naɗe hannun riga har sama, ta shafa sabulu ta durƙusa. Ta jira yunƙurin ya wuce, ta tura maraƙin ciki, ta bi wuya da yatsu har kuncinta ya manne da jikin saniyar. Kunne. Ido. Hanci. Ta kama baki cikin tafin hannu ta fara juyowa, sai Belu ta matse, hannun ya mutu murus har ta ga taurari.

"Sake ni, 'yar gidanmu, sake ni," take ce mata. "Ni ce."

Saniyar ta saki. Kai ya juyo ya hau hanya. Ta lalubo ɗaya ƙafar ta miƙar da ita, ta ɗaura igiya ta miƙa wa Zukile.

"In na ce ja, ka ja ƙasa-ƙasa. In na ce tsaya, ka tsaya. Ba tarakta kake tayarwa ba."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Suka yi ta yi, ja, tsaya, ja, har maraƙin ya sulluɓo gaba ɗaya ya faɗi a kan buhu, jiƙe, shiru, harshe a waje. Nosisa ta share masa hanci da yatsu, ta murje shi da buhu kamar mai wanki, ta tsinko tsinken ciyawa ta soka masa a hanci. Shiru. Ta sake sokawa. Sai ya yi atishawa, ya girgiza kunnuwa.

Ta ɗaga ƙafar baya ta duba, sai dariya ta ƙwace mata haɗe da kuka. "Mace ce! Baba, mace ce!"

"Na ji, ai ban mutu ba tukuna."

Ta jawo maraƙar gaban uwar, ta barbaɗa mata gishiri a baya. Belu ta ɗago kai da ƙyar, ta shinshina, ta fara lasa. Nosisa ta rufa wa saniyar tsofaffin buhuna, ta ba ta ruwan ɗumi, ta zauna a kan dutse. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa shi. Ta mayar da mayafinta, ta juya wajen tsohon, wanda ya zagayo ta ƙofa ya tsaya a gefe.

"Baba, na gode. Ku yafe min bakina. Da ta miƙe za mu matsar da ita, gobe ni zan riƙa miƙa duwatsu, Baban Anele ya mayar da katangar yadda take."

Zukile ya sunkuyar da kai yana naɗe sarƙa.

"A mayar ina?" in ji tsohon. "Ƙasar da kika taka ai ta fita ke nan, amarya. Ba ta komawa ciki."

Nosisa ta dubi ƙasa. Sawunta ne ko'ina a kusurwar, da gurbin gwiwoyinta. Ta bi layin da ido, sai yanzu ta ga inda ya bi: faffaɗan dutsen mahaifin tsohon yana can ciki, dab da kwanon rufi, gefen dutsen kuma, inda rana take fara sauka, shi ne nan inda take zaune.

"Wayyo Baba! Me ya sa ba ku faɗa min ba?"

"Da na faɗa za ki haye?"

Ita kanta ba ta san amsar ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Hawaye suka zubo mata.

"Ke, bar wannan," ya ce. "Can ciki shanu ne za su yi ta zuba min kashi. Nan kuwa kya zo da tsintsiya ki share ni, ki ba ni labarin 'yar Belu. Tashi ki ɗora shayi, sanyi ya gama da ni."

Ya juya ya nufi ɗaki yana dogara sanda, bai ƙara waiwayar kusurwar ba. Iska na kaɗa farin gashinsa, hular kuma tana nan a hannunsa tun ɗazu, ya manta bai mayar ba.