Cibiyar Wilfred a Garken Tumaki

Na'urar auna gubar ƙasa ta fara ƙyas-ƙyas tun daga bakin garke. Da Delphine ta kai ta kusa da ƙasa, sai ta ɓarke da ƙara kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Tumaki suka ja gefe. Yayata Bessie kuwa tana tsaye a ƙofa, ta gitta sandarta.

"Kashe abin nan, kina firgita mini dabbobi."

"Kaka, ba ni na sa ta kuka ba," in ji Delphine. "Ƙasar ce."

Delphine jikar Bessie ce, ita ce ta yi karatu har ta samu aiki da masu share tsofaffin ramukan haƙar yuraniyom, ma'adinin nan mai guba. A takardarsu, ramin bayan dutse kaɗai za su rufe, babu garken a ciki. Ni na sa shi. Ranar da suka iso na kai musu soyayyen burodi don in ji wa ya auri wa, hira ta yi daɗi, na ce ai marigayi Hoskie, mijin Bessie, da rawayar ƙasar ramin ya cike garkensa, wai ba ta yin taɓo. Ban ma ce ga gidan ba. Da leɓe kawai na nuna.

"Wa ya gaya muku?" Bessie ta tambaya, idonta a kaina.

Na duƙa ina ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

"Zurfin gwiwa za mu kwashe, mu zuba sabuwa," in ji Delphine. "Jibi motocin za su bar nan. In sun tafi, ban san shekarar da za su dawo ba."

"Su sauka lafiya."

"Naman tumakin nan kike ci, Kaka. Shi kike ba 'ya'yana in sun zo hutu."

"Cibiyar uwarki tana nan. Taki tana nan. Ta Wilfred tana gindin wancan turken."

Inda aka binne cibiyar mutum, can zuciyarsa take komawa, ko jariri ya san haka. Wilfred, autan Bessie, shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tafi birnin Phoenix, ba wasiƙa ba waya. Ana cewa kwalba ce ta riƙe shi. Ni ma na faɗa, a gidaje da dama. Bessie kuwa kullum ta buɗe wa tumaki sai ta dubi hanya.

*

Washegari na same ta durƙushe a gindin turken tana tono da cokali. Ƙasar da ta cinye huhun mijinta take marmasawa da yatsu, tana dubawa.

"Haba Yaya, shekara arba'in da wani abu. Me za ki samu?"

"Bakinki ya gama aikinsa, Rena. Kawo hannu."

Na durƙusa. Muka yi ta tono har rana ta take. Kashin tumaki, ƙusa mai tsatsa, maɓalli ɗaya. A haka Delphine ta tarar da mu, fuskokinmu duk rawayar ƙura. Takardun hannunta suka zube.

"Ku tashi! Ku tofar, kada ku haɗiye!" in ji ta. "Kaka, in kika ƙi, yarana ba za su sake taka gidan nan ba. Na rantse. Ni na riƙa riƙe wa Kaka Hoskie kwanon da yake tofar da jini."

Bessie ta daɗe tana kallon ramin da muka yi. Sannan ta miƙa babban yatsa, Delphine ta dangwala shi a tawada, ta danna shi a takardar amincewa.

*

Washegari, kafin rana ta karkata katafila ta gama. Turken ma ta haɗa da shi. Da tifar ƙarshe ta tashi, Bessie ta taka a hankali ta ƙwanƙwasa ƙofar direba da sanda. Direban, wani Bature, ya sauke gilashi.

"Tambaye shi ina za su kai," ta ce wa Delphine.

Delphine ta tambaya. "Can arewa, Kaka, tafiyar yini guda. Rami ne mai shinge, ba a shiga."

"Rubuta mini sunan garin. Da manyan baƙaƙe."

"Me za ki yi da shi?"

"In Wilfred ya tashi dawowa, can zai nufa. Sai a samu wanda zai tsaya masa a bakin shingen."

Delphine ta rubuta. Bessie ta karɓi takardar a juye, ta tsaya tana kallonta har ƙurar motar ta kwanta.