Firigon Kubura

Maza huɗu suka cicciɓi firigon, Alkasum yana gaba yana riƙe musu ƙyauren zaure. Mutari, ɗan kasuwar da ya saya, ya sa aka ɗaure shi a kan amalanke, aka nufi bakin iyaka.

Tun da aka karya darajar kuɗin sefa komai ya tashi a Ƙonni, fanshon Alkasum na tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, kuwa sai ya yi wata uku bai zo ba. Ya daina kunna fanka, ya rage fitilun gidan zuwa biyu, amma takardar kuɗin lantarki ta ƙi sauka. Saura firigo, mai gurnani ba hutu. Matarsa Kubura ta tafi Bazaga gaisuwar mutuwa, shi kuwa bai ga dalilin jiranta ba. Ai da kuɗinsa ya saya.

Bayan kwana biyu ta dawo da hantsi. Ta tsaya tana kallon gurbin, inda siminti ya fi na sauran ɗakin haske.

"Malam, gyara aka kai shi?"

"Na sayar. Shi ke cinye mu. Ƙanƙarar nan da lamurjen da kike ƙullawa ba su biyan wutar da suke sha."

Ta sauke ƙullin kayanta a hankali, ta zauna bakin gado.

"Naman da kake ci ran Juma'a, daga ina kake tsammanin yake fitowa? Maganin hawan jininka fa?"

"Ba ɗanmu Takama ke aikowa daga Malbaza ba?"

"Rabon Takama da ɗaukar siminti tun kafin azumi. Motar da yake tuƙawa ta mutu. Ya roƙe ni kada in faɗa maka."

Alkasum bai tsaya neman hula ba. Ya hau kabu-kabu har rumfar Mutari.

"Ayya, Malam," in ji Mutari, "ai tun jiya ya ƙetare. Irinsa yanzu ko an ninka abin da na ba ka ba a samu."

Ya dawo a ƙafa, rana tsaka. Daga zaure ya jiyo muryar A'ishatu, mai sayar da abinci a tasha, wadda shekara shida kullum a nan take sayen ƙanƙara. Bai taɓa tambayar me ke kawo ta ba.

"Ki je gidan jandarman nan na bayan masallaci," Kubura ke ce mata. "Matarsa tana yi. Ki ce ni na turo ki."

"To gobe fa?"

"Gobe ma can."

A'ishatu ta fito da bokitinta wayam, ta rusuna ta gaishe shi ta wuce.

Ya shiga ya zauna a kan tabarma. Kubura ta ɗebo ruwa a randa, ta durƙusa ta miƙa masa kamar yadda ta saba. Ya shanye duka yana neman ta inda zai fara magana. Kafin ya sauke kwanon ta riga ta koma madafa.