Muryar Behruz a Rumbu na Biyu

Shahrom ƙanin matata ne, shi ya sa har yau ban rotsa masa kai da sukundireba ba. Ɗaukar bidiyon biki yake yi, ni kuma ina gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a bayan babbar kasuwar birnin Khujand, tsakanin mai batiran waya da mai gyaran takalma. Duk abin da ya lalata da hannunsa ni yake kawo wa, ya zauna ya shanye min shayi, wai ai duk gida ne.

Ran nan ya shigo da laftof ɗinsa a hammata, fuska ba annuri. A bayansa akwai wata dattijuwa sanye da shuɗiyar rigar makoki, tana riƙe da ƙullin gurasa a ƙyalle.

"Ako, rumbun nan ya ɓace," in ji shi, don ako, wato yaya, yake kirana. "Kwamfutar ba ta ganinsa sam."

"Wanne?"

"Na biyun. Wanda ka sa min."

Bara ne ya zo yana kukan rumbun ajiyar da ke cikin laftof ɗin ya yi masa kaɗan. Na cire na'urar faifan DVD, na zura wani tiren ƙarfe a raminta, na kwantar da babban rumbu a ciki, na ɗaure da noti. Na ce masa daga yau babu sauran buga faifai a wannan kwamfutar, ya je ya nemi na'urar bugawa ta waje mai igiya. Ya ce to. To ɗin Shahrom kuwa ba ta taɓa tsallake ƙofar shagona ba.

Na kifa laftof ɗin. Babu noti. Na taɓa tiren da ɗan yatsa, ya zamo waje kamar aljihun tebur.

"Ina notin?"

Ya sosa ƙeya. Ashe tun daga lokacin ga abin da yake yi. Mutanen ƙauyukanmu faifai suke so, a kwali, da hoton ango da amarya a jiki. Ɗaya na dangin miji, ɗaya na dangin mata, ɗaya a ba wa mai tafiya Rasha ya kai wa 'yan'uwa. Shi kuma rami ɗaya gare shi. Sai ya kwafo bidiyo zuwa ƙaramin rumbu, ya zare tiren, ya cusa tsohuwar na'urar faifai, ya buga, ya sake musanyawa. Kullum, kuma kwamfutar a kunne. A wannan karon kwafin bai ko yi nisa ba ya fizge.

"Na ɗauka ya gama," ya ce.

"Kai dai kullum cikin ɗauka kake."

Sai a sannan dattijuwar ta yi magana, a hankali. Sunanta Mavjuda, daga wani ƙauye wajen Isfara. A watannin kaka ne ta aurar da ɗanta Behruz, Shahrom ne ya ɗauki bikin. Ba a daɗe ba yaron ya koma Rasha wajen aikin gini, ya ce a bar faifan sai ya dawo su kalla tare. Da sanyi ya yi tsanani aka dawo da shi cikin akwatin ƙarfe, wanda ba a yarda a buɗe ba. An yi sadakar arba'in, ta zo karɓar faifanta.

"Za a samu, usto?" ta tambaye ni, don usto ake ce wa mai sana'a a wajenmu.

"Zan duba, hola," na ce, wato inna. Ban yi mata alkawari ba. Na ba ta kujerata, na zuba mata koren shayi, na kori Shahrom daga inda yake tare min haske.

Na fara da abu mai sauƙi. Irin tiren nan yana da wani ɗan mitsitsin makunni a gefe, wanda in bai zauna daidai ba kwamfuta sai ta yi kamar ba ta san da rumbun ba. Na tura shi dama, na kunna, shiru. Na tura shi hagu, shiru. Na goge haƙoran ƙarfen da ke haɗa tiren da kwamfuta da sifirit, na mayar, na kara kunnena a jikin robar. Ko motsi. Da na duba da madubin ƙara girma sai na ga haƙorin da ke kai wuta ya tsage daga tushe, saboda yawan shiga da fita. Na ɗan ji sanyi a raina, don in laifin tire ne, da sauƙi. Na liƙe shi da dalma, na mayar, sai ga rumbu ya fara juyawa da 'yar ƙararsa.

Kwamfutar ta gan shi. Amma maimakon ta buɗe, sai ta fito da tambaya: rumbun nan ba ya karantuwa, a share shi a sabunta? Kafin in ɗago, hannun Shahrom ya kai kan linzamin kwamfutar zai danna i. Na make hannun har sai da mai gyaran takalma ya leƙo.

"Fita," na ce. "Je ka ɗauki bikin wasu. Kada in gan ka sai na kira ka."

Fizgar da ya yi ta wargaza taswirar da rumbun ke gane kayansa da ita. Kayan suna nan, amma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an tsinto, kuma wannan aikin kwanaki ne. Na haɗa shi da babbar kwamfutata na saki manhajar tsinto kaya. Na ce wa Mavjuda ta koma gida zan kira ta. Ta ce tana da 'yar'uwa a nan cikin gari. Washegari ina buɗe shago na same ta a bakin ƙofa, da sabuwar gurasa.

Haka ta riƙa zuwa. Ta zauna ta zuba wa layin da ke rarrafe a allon ido, kamar mai jiran madara ta tafasa. Ba ta da yawan magana. A rana ta uku ne, muna cin gurasa da busasshen inabi, ta faɗa min abin da ya kawo ta.

"Hotunansa ina da su, usto. Har na makaranta. Muryar ce." Ta gyara ɗankwalinta. "Kullum Lahadi yakan kira ni. Waya kuwa ba ta ajiye komai, ka kashe, shi ke nan. Shekaranjiya na zauna zan tuna yadda yake ce min 'ocha', kamar kowane ɗa ga uwarsa, sai muryar ƙaninsa ta zo min. Na yi na yi, tasa ta ƙi zuwa."

Na ƙara mata shayin da ba ta ko taɓa ba.

"Ran bikin ya yi magana a ƙofar gida," ta ci gaba. "Kafin su tafi ɗauko amarya. Ya faɗa min wani abu, ya juya ya yi wa mai kyamara magana mai tsawo, yana dariya. Masu kakaki da algaita suna kan kunnena, hankalina kuma yana kan tukunyar shinkafa, kar ta kama. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Amma ai kyamara ta ji."

"Ta ji," na ce. Ni ma haka na yi imani.

Da aikin ya ƙare sai ga bukukuwa sun zubo birjik, ba suna, sai lambobi. Na yi ta buɗewa ina rufewa: amaren mutane suna ta sunkuyawa, ƙattin kawunai suna rawa, faranti kan faranti. Can Mavjuda ta ɗora hannu a kafaɗata. Ƙofar gidanta ce, shuɗiya, da kurangar inabi a sama. Bidiyon lafiyarsa ƙalau daga farko har ƙarshe. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har na kira Shahrom na ce ya zo ya ga yadda ake aiki. Ya iso yana haki, jakar kyamara a wuya.

Behruz ya fito daga gida cikin baƙar kwat da ta ɗan yi masa yawa, dogo, kunnuwa a baje. Ya sunkuya wajen uwarsa, bakinsa yana motsi. Ya juyo ya kalle mu, ya nuna kyamara da yatsa, ya shiga magana yana dariya. Abin da ke fita daga lasifika kuwa wani mawaƙi ne da fiyano, yana rera wa wata mai baƙin gira.

"Usto, rage waƙar," in ji Mavjuda.

Na rage. Shagon ya yi tsit, Behruz yana ta motsa baki.

"A'a, waƙar kaɗai za ka rage."

Na juya na kalli Shahrom. Shi kuma ya kalli takalmansa.

Na ja bidiyon gaba, zuwa zauren biki. Nan murya ta dawo tangaram. Shugaban unguwa ya karɓi makirfo ya yi jawabi har da tarihin kakansa. Wani kawun amarya mai haƙorin zinare ya yi nasa, ana jin har tarinsa. Duk wanda ya riƙe makirfo an bar masa muryarsa, don in aka taɓa ta gobe zai zo ya yi masifa. Ango kuwa ba ya riƙe makirfo a bikinsa. Yana tsaye a bayan tebur, hannu a ƙirji, kai a ƙasa, kamar yadda aka koya wa kowane ɗan mutunci. Duk inda babu makirfo, Shahrom ya kwashe sautin ya shimfiɗa waƙa.

"Ina na asalin?" na tambaye shi. "Wanda ba ka taɓa ba."

"Na goge, ako. Tun kaka. Wuri ya cika, ga bukukuwa sun yi yawa."

"Katin kyamarar fa?"

Ni ma na san amsar, tuni aka ɗauki wasu bukukuwa a kansa. Na koma cikin tarkacen da manhajar ta tsinto duk da haka, na bi su har ƙasa. Inda na asalin ya taɓa zama, bukukuwan wasu sun hau kai sun zauna. Abin da aka goge ana iya tsinto shi, amma ban da wanda aka rubuta wani a kansa.

"Kowa haka yake so," Shahrom ya ce, ba tare da an tambaye shi ba. "Hayaniya ce kawai a wurin, kakaki da iska. In ban sa waƙa ba cewa za su yi ban iya aiki ba."

Mavjuda ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da na ji daɗi. Ta juyo da kujerar ta fuskance shi, ta yi masa magana kamar mai lallashin mara lafiya.

"Ɗana, kai ne a gabansa. Kai yake yi wa magana. Me ya ce?"

Ni addu'a nake yi a raina ya yi mata ƙarya. Ko da ya ce yaron ya ce a kula masa da ocha ne, ko ma me zai ƙirƙiro. Mutumin da ke yi min ƙarya a kan noti, yau ga inda ƙarya za ta yi amfani. Amma Shahrom sai ya zaɓi ranar ya zama mai gaskiya.

"Wallahi ban saurara ba, hola. Na san waƙa zan ɗora a wurin."

Sannan ta mayar da kujerar wajen allo, ta matso da ita har gwiwarta ta taɓa tebur.

"Usto, mayar da shi ƙofar gida," ta ce. "Kashe sautin duka."

Na mayar. Ta kafa wa bakin ɗanta ido, leɓunanta suna bin nasa a hankali, tana gwada kalmomi ko wata za ta dace.